Mai Gyaran Jirgi a Garin da Ba Kogi

Kun ce in koya muku riƙon injin jirgi kafin motarku ta tashi, har ɗayanku ya ƙara da cewa ai murɗawa ce kawai kamar babur. Na ji. Ba ku ne farkon waɗanda suka shigo garejin nan da wannan magana ba. Ɗana Nasiru, wancan da ke ƙarƙashin rumfa yana kwance gurup, wato janareta, shi ya fara kawo mini ita, kuma kusan da kalmominku ya kawo ta. An gaya masa, kamar yadda aka gaya muku, wai a bakin teku duk wanda ya iya riƙe inji ana ba shi wuri a jirgin roba a sauƙaƙe. To, ku ja benci. Ban iya gajarta labari ba, kuma wannan ba na jin daɗin bayar da shi, amma sai kun ji shi kafin in taɓa igiyar injin can da ke maƙale a bakin rabin tano, wato duro.

Sunana Lawali, sai dai a Arlit in ba ka ce Lawali Mai Jirgi ba, ba wanda zai nuna maka ƙofata. Da tsokana sunan ya fara. Ina ka taɓa jin mai gyaran jirgin ruwa a garin da ake sayen ruwa a bido, jarka-jarka? Daga wajen Madawa na zo ina saurayi, da ɗan sanin babur da injin niƙa, na faɗa hannun wani ɗan kwangila da ke yi wa kamfani aiki a Akokan. A bayan izin, wato masana'antar da ake wanke dutsen uraniyom, akwai manyan tafkuna da aka haƙa, ana zuba ruwan da aka gama aiki da shi rana ta shanye. Basan muke ce musu. A tsakiyarsu akwai famfuna a kan tanonin da aka ɗaure, akwai tiyo, akwai masu zuwa ɗibar ruwa a kwalabe su kai awo. Ba ruwan da ake so ya taɓa fatar mutum ba ne, balle a yi iyo a ciki. Don haka aka ajiye jirgin roba da ɗan injinsa a baya, aka ajiye mutum ya kula da shi.

Mutumin shi ne maigidana, Baba Sanda, ɗan Gaya, wanda aka haifa a bakin kogi kuma bai taɓa yafe wa Arlit ba. Ranar da aka kai ni wurinsa na zo da kile na kwance noti a aljihu ina taƙama. Ya karɓa ya jefa a akwati, ya miƙo mini famfon ƙafa. Na yi watanni ba abin da nake yi sai taka famfo da safe, kamar mai yi wa maƙeri zuga. Jirgin yana da manyan salkuna biyu na iska a gefe da gefe, waɗanda kowa ke gani. Sannan akwai wata siririya a ƙasa, ƙarƙashin katakon da ake takawa, daga gaba har baya. Ita ce ke ɗame gindin jirgi ta ba shi tsini ya tsaga ruwa. Baba Sanda yana ce mata ƙashin baya. In na gama, sai ya zo ya danna babban yatsansa a kowace. In yatsa ya nutse, ko kallona ba ya yi, da ƙafa kawai yake nuna mini famfo. Akwai agogon awon iska a akwatin, amma gishirin wurin ya cinye allurarsa tun kafin in zo.

Ranar farko da ya bar mini hannun inji, wani injin famfo ne ya ƙone a tsakiyar basan aka ce mu kawo shi baki. Muka ɗora shi a goshin jirgi, don can ne ya fi sauƙin ɗorawa. Na murɗa. Jirgi ya fara tafiya, sai kawai ƙarar inji ta tashi sama, siririya, kamar babur ɗin da sarƙarsa ta tsinke. Bayanmu kumfa fari fat, mu kuma muna nan inda muke. Na yi abin da kowane ɗan tudu zai yi, na ƙara murɗawa. Baba Sanda ya doke hannuna, ya sassauta wutar har ƙasa, ya ɗan jira. Na ji inji ya yi wani nishi, jirgi ya zabura ya ci gaba. Da muka isa baki ni har na buɗe akwati ina neman kile, don a sanina abin da ya yi irin wannan kuka wani abu ne ya saki a cikinsa. Ya ce in rufe akwatin, da Hausarsa ta mutanen kogi.

"Kai makanike na tudu ne. Inji ya yi kuka, ka buɗe cikinsa. A ruwa in ya yi kuka, ka duba ƙafarsa tukuna, ka duba inda mutane ya zauna."

Abin da ya faru shi ne, farfela ruwa take turawa, ba ta da wani aiki. Nauyin da muka ɗora a goshi ya danne gaba ya ɗaga baya, farfela ta taso kusa da saman ruwa, ta ja iska a maimakon ruwa. Iska kuwa ba nauyi, sai inji ya samu sauƙi ya ruga da gudu, kai kana zaune wuri ɗaya. Kunnenka yana ce maka inji na aiki fiye da kullum, alhali wahalar banza yake yi. In ka daɗe a haka, har ramin da yake shan ruwan sanyaya kansa iska zai ja, ɗan fitsarin nan da yake tsartarwa a baya ya ɗauke, sai ka ji ƙauri. Maganin farko ba ya cikin akwati. Ka rage wuta, ka bar farfela ta sake kama ruwa. Faɗarsa ba wuya, amma hannun mutumin da ya tsorata ba ya son ragewa.

Kayan aikin wannan ciwo ba su cika jaka ba, kuma in kun gan su za ku raina. Akwai wani miƙaƙƙen katako, yana nan rataye a bangon can. Ana kifa jirgi, ko a ɗaga shi, a shimfiɗa katakon a gindinsa ya leƙo baya, a ga inda ya haɗu da ƙafar inji. A saman farfela akwai ɗan faranti na ƙarfe da ke kare ta daga iskar sama. In farantin ya yi daidai da katakon, ko ya ɗan yi ƙasa, lafiya. In ya hau sama, to an rataye inji a inda ya fi ƙarfin ƙafarsa, kuma ko malami ka kira ba zai daina kuka ba. Akwai alli. Wani lokaci ba iska ba ce, robar da ke cikin cibiyar farfela ce ta saki, kuma kukansu iri ɗaya ne. Sai ka ja layi da alli daga cibiya zuwa jiki, ka ɗan zaga, ka ɗago. In layin ya rabu biyu, farfela ta mutu. In yana nan, koma ka nemi iskarka. Akwai magagari na gyaran bakin farfela, don ruwan basan yana cin ƙarfe, bakin ya yi gibi-gibi ya riƙa yin kumfa da kansa. Akwai ƙusar da ke riƙe karkatar inji, mai ramuka, wadda in ka matsar da ita rami ɗaya ciki sai ƙafa ta ƙara nutsewa. Sai leda. Ledar da iska ke kwasowa daga gari ta naɗe a ƙafar inji ta sa ni zufa fiye da duk sauran.

Masu ɗibar ruwa a kwalabe su ne abokan hulɗata na kullum bayan Baba Sanda ya gaji ya koma Gaya. Mutanen kirki ne, amma kullum cikin sauri, kuma kowa a ƙasar nan gaban mota yake so. Da sun shiga jirgi sai su ruga goshi su zauna, su bar ni a baya ni kaɗai da inji kamar karen mota. In na ce babba ya dawo tsakiya sai ya ga kamar na rage masa girma. Na sha yin shiru in murɗa in bar inji ya yi musu bayani da kansa. Da ya ƙwala ƙarar nan sai ka ga an dawo baya ba gardama, ana gyara hula. Haka na yi shekaru, safe in taka famfo, yamma in wanke inji da ruwan daɗi, in shafa wa farfela man giris. Ba wanda ya taɓa nutsewa a hannuna, kuma ba wanda ya taɓa lura da hakan.

Aikin da ya sa aka daina yi mini dariya da sunan Mai Jirgi ba a basan aka yi shi ba. Wata damina ce aka yi ruwa a duwatsun Abzin, mu a Arlit ko ɗigo ba mu gani ba. Kun san halin kori, busasshiyar korama ce da ake wucewa da mota ba a ma lura, sai ranar da ta tuna ita ruwa ce. Wata babbar mota daga Agadas ta shiga mashigi a kan hanya, ruwa ya same ta a tsakiya, ta karkace ta tsaya. Mutane suka hau saman kaya, yawancinsu mata 'yan kasuwa. 'Yan kwana-kwana suka aiko a ba su aron jirgi da mai jirgi. Da safen nan ni da kaina na cika salkunan duka, muka ɗora shi a cike a bayan katkat, motar kamfani mai shiga rairayi, muka ɗaure.

Direban shi ne Agali, Ba'abzine, mutumin da ya san yashi kamar yadda Baba Sanda ya san kogi. Da muka bar kwalta muka shiga rairayi, rana ta take, ya tsaya ya rage wa tayoyi iska, yadda kowane direban hamada ke yi don mota ta yi taushin ƙafa kada ta kafe. Ni na koma inuwar mota na yi azahar. Da muka isa bakin kori muka sauke jirgi a ruwa, na ga salkunan gefe sun yi laushi. Ban yi mamaki ba. Ruwan dutse ne, sanyi ƙarara, kuma iskar da aka cika da zafi in ta ji sanyi sai ta tsuke. Na taka famfo na ƙara musu. Bakin ƙashin baya kuwa yana can ƙarƙashin katakon goshi, inda muka tara igiya da rigunan ruwa, ga mutane can suna ɗaga mana hannu.

Zuwa bai ba ni wahala ba, don jirgi ba kaya. Na manna a jikin motar, aka sauko mini da mata da wani dattijo da jikarsa. Duk suka tattaru a goshi, nesa da inji. Na yi ta fama har suka matso tsakiya. Na juya, na murɗa, muka fito daga inuwar motar muka shiga ƙarfin ruwa, sai inji ya ƙwala. Na rage, ya kama, na ƙara, ya sake ƙwalawa. Kaya suna daidai, ƙafar inji tana inda na san ta, ba leda. Ruwa kuwa yana tafiya da mu a karkace. Can ƙasa akwai jerin bagaruwa da ruwa ya ci rabinsu, rassa a waje. Ba sai na gaya muku abin da ke tsakanin ƙaya da roba ba.

Wata Hajiya mai goro ta riƙa yi mini tsawa, "Ba shi wuta, ɗan nan! Ba shi wuta!" Dattijon ma ya miƙo hannu zai murɗa mini. Na ce masa, "Baba, don Allah ka riƙe yarinyar, ka bar mini wannan." A lokacin ne na ji katakon da ke ƙarƙashin ƙafata yana lanƙwasa yana miƙewa, kamar tabarma a kan yashi. Gindin jirgi ya saki. Maimakon ya tsaga ruwa sai ya naɗe, ya tara iska a ƙarƙashinsa yana aika wa farfela kumfa. Tsoro ya kama ni sosai. Na rage wuta har ƙasa, ƙasa da abin da hankali zai ɗauka, mutane suna salati suna zagina a lokaci guda. Da wannan ɗan ƙarfin na riƙa satar hanya a gicciye, har gindinmu ya gogi wani tudun yashi a tsakiyar kori, kafin bagaruwar da 'yar tazara.

Na dira cikin ruwa har ƙugu, na ba matan igiya suka riƙe, na ɗaga katakon goshi. Na danna yatsa a ƙashin baya, ya nutse har na taɓa ƙasa. Nan na kafa famfo a kan kwandon goron Hajiya na yi ta takawa, tana ta mita a kan goronta. Da yatsa ya daina shiga muka tashi, inji ya kama ruwa bai ƙara cewa uffan ba. Na yi ta kai da kawowa har aka kwashe kowa kafin la'asar sakaliya. Da na fito ina rawar sanyi, na ce wa Agali ban san yadda aka yi ƙashin baya ya sace ba. Ya dube ni da fuskar wanda ya yi aikin lada.

"Malam Lawali, ai ni ne. Rana ya buga shi, ya yi tauri kamar dutse, na ce zai fashe kafin mu kai. Na rage masa kamar taya. Har ƙaramin na ƙasa ban manta ba."

Ban iya yi masa faɗa ba. A kan tudu gaskiyarsa ce, jirgin da aka bari a rana a cike yana iya tsagewa. Duk rayuwarsa laushi ne ke fitar da shi daga wahala. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa abin da ke ceton mota a yashi shi ke karya jirgi a ruwa. Muka sha shayi a bakin kori, da na yi masa bayani sai ya tashi ya je ya danna salkar da yatsansa ya daɗe yana kallo. Tun ranar muka zama abokai. Washegari na koma basan na ci gaba da taka famfo.

Mummunar shekara ita ce wadda aka rufe ramin uraniyom na Akokan. Kun gan ta da idonku, ba sai na tsawaita ba. Gidaje suka zama kango, masu shago suka naɗe, mutanen Maradi da Damagaram da suka yi rabin rayuwarsu a nan suka ɗaure katifu a saman mota. Ɗan kwangilarmu ya ɗan ja lokaci, sannan ya ce shi ma ya gaji. Jirgin ya zauna a rana har robar ta farfashe, masu takalma suka yanka. Injin kuwa, ɗan kwangilar ya ce in ɗauka, tunda ba wanda ya san amfaninsa. Na kawo shi nan na maƙala a rabin tano, ina tayar da shi lokaci-lokaci don kada ya ƙage. Na koma gyaran gurup da injin ban ruwan masu garka da na masu haƙar zinariya, waɗanda kowannensu ke zuwa da ciwon injinsa da maganinsa a baki, ni kawai kile yake so in ara masa. Gwiwoyina da famfo ya cinye ba su san an rufe rami ba, suna nan suna aikinsu na ciwo.

Nasiru yana tuƙi ne a wurin wani ɗan kwangilar, shi ma aikin ya tafi. Magidanci ne, da mata da 'yar ƙaramar yarinya. Ya yi dako, ya je wajen zinariya ya dawo da tari. Wata rana ya tsaya a bakin tanon nan ya ce, "Baba, ka koya mini wannan." Ya gaya mini dalili. Shi da Sale, ɗan maƙwabtanmu, za su yi arewa. Na ce ba zan koya ba. Na yi faɗa, na haɗa shi da uwarsa, na haɗa shi da limamin unguwa. Yana sunkuyar da kai yana cewa to. Sai na ga ya sayar da babur ɗinsa. A nan na gane cewa tafiya kam zai yi, abin da ya rage a hannuna shi ne ya tafi da sani ko ya tafi hannu rabbana. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na sayi ruwa na cika tano.

Ban koya masa tuƙi ba, don ba inda za a tuƙa. Na koya masa kuka. Ina tayar da inji in sa giya, in ɗan ɗago ƙafarsa har farfela ta ja iska, ya ƙwala, ruwa ya wanke mu, in ce ya rage. Muka yi ta yi har hannunsa ya daina jiran bakina. Na nuna masa faranti da katako. Sannan na ɗauki shambur ɗin babbar mota, robar iskar nan ta cikin taya, na cika shi a rana, na kai shi garka na jefa a kwamin ruwan rijiya, na ce ya danna kafin da bayan. Ya ga yadda yatsa ke shiga. Sale yakan zo ya tsaya ya yi kallo, ya yi dariya ya ce Baba Lawali yana koyar da teku a cikin tano, ya wuce shan shayi. Ranar tafiya ban raka su tasha ba. A ƙofar garejin nan na ce wa Nasiru, "In yatsanka ya shiga, kai kar ka shiga." Ya ce to, kamar yadda ya saba.

Aka daɗe, saƙo yana zuwa yana ɗaukewa, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. Uwarsa ta daina tambayata, ni na daina tayar da inji. Sai wata rana Agali ya kira ni. Ya bar aikin kamfani tuni, yana jigila a hanyar Asamaka. Ya ce a cikin mutanen da aka koro aka zubar a kan iyaka, waɗanda suka tako da ƙafa zuwa gari, ya ga wani mai irin tafiyata. Shi ya kawo mini shi har ƙofa a gaban mota. Ba jaka, ba waya, takalmi ba iri ɗaya ba, haƙorin gaba ɗaya babu. Ban taɓa zaton zan yi murna da an kori mutum daga ƙasar wasu ba, amma ranar na yi.

Ya yi kwanaki kafin ya ba ni labari, kuma sau ɗaya ya bayar. Sun kai bakin teku. An cika jirgin tun da rana a kan yashi mai zafi, aka rufe shi da tanti. Cikin masu jira akwai direbobi irin namu na nan, suka ji ɗinkin robar yana ƙara, suka ce zai fashe, suka rage masa. Da aka ja shi ruwa aka ce mai inji ya zo, wato shi Nasiru, sai ya duba ya ga an rataye inji mai gajeriyar ƙafa a dogon katako, faranti yana sama da gindin jirgi da tafin hannu. Ya danna salka, yatsa ya nutse har gaɓa. Ya ce a kawo famfo. Aka ce famfo ya tafi da motar da ta kawo jirgin. Ya ce shi ba zai riƙe ba, ya juya ya gaya wa mutanen kada su shiga. Ba wanda ya saurare shi, mutanen da suka sayar da komai suka ƙetare hamada ba za su fasa don yatsan wani ba. Masu jirgin suka ba shi amsa a baki, nan haƙorin ya tafi. Suka tambaya ko akwai wani da ya iya. Sale ya ce ai ya sha gani a garejin Baba Lawali.

"Na riƙe rigarsa, Baba, ya fizge," in ji Nasiru. "Ina kwance a yashi suka tashi. Da suka kai inda ruwa ke tashi yana faɗuwa, sai na ji kukan inji. Irin na tano. Ina jira ya rage. Bai rage ba."

Bayan nan ne aka kama shi a gari, aka haɗa shi da waɗanda za a koro. Har yau ba labarin jirgin, ba mai daɗi, ba marar daɗi. Uwar Sale tana wucewa ta nan kullum in za ta kasuwa. Tana gaishe ni, ina amsawa, ba ta taɓa cewa komai ba. Nasiru kuwa in ya hango ta sai ya sunkuya cikin gurup ɗin da ke gabansa. Bai taɓa yi mini godiya ba, ni ma ban nema ba. Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne yadda labarin ya zaga gari a juye. An ce ɗan Lawali Mai Jirgi ya koyi inji a wurin ubansa har masu jirgi suka zaɓe shi. Sauran ba a faɗa. Shi ya sa kuke nan, kuma kafin ku wasu sun zo.

Ban hana ku tafiya ba, don na gwada hanawa a gidana na ga iyakata. Ban kuma ce abin da zan nuna muku zai ƙetarar da ku ba. Ni teku ko a mafarki ban taɓa gani ba, basan na sani da kori ɗaya. Abin da nake da shi kuka ne guda, da hannun da ke ragewa, da yatsa. Wanda ya koye su da kyau, mai yiwuwa abin da za su yi masa ke nan, su dawo da shi ta Asamaka ba takalmi, mutanen unguwa suna cewa ya ji tsoro. In kun yarda da wannan, kai mai maganar babur, tashi ka kama bido ka cika mini tano, ka cire agogonka don za ka jiƙe.

Amma kar ka ja igiyar tukuna. Ku bari Nasiru ya wanke hannu ya fita. Ba ya iya zama a garejin nan in na ɗago ƙafar injin.